Batirin keke ya gaza a sanyin Jos: na 32Ah zan mayar ko na mota mai 45Ah?

Ɗan Rikkos:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin wuta da batir. Keke Napep nake ja a nan Jos, Bajaj RE na fetur, aikina tsakanin Taminus, Farin Gada da Bauchi Road. Tun da sanyin hunturu ya kankama, da asuba in na murɗa makulli sai dai in ji ƙat-ƙat, kik, wato na'urar da ke tayar da inji da wutar batir, ba ya juya inji, dole sai na ja hannu. Da rana in inji ya yi zafi yana tashi da makulli, amma a kasalance. Hon ma dishewa yake yi in fitila na kunne.

Batirin da ke ciki an rubuta 12V 32Ah a jikinsa (Ah yawan wutar da yake ajiyewa ke nan), na ruwa ne mai marafai shida. Abubuwan da aka ƙara wa keken: MP3 mai sifika biyu, cajar waya, fitilun ado a cikin rumfa, sai tiraka, wato na'urar bin sawun keke, da mai keken ya sa.

Shawara uku aka ba ni a tasha kuma kowace ta saɓa wa 'yar'uwarta. Wani ya ce in mayar da irinsa sak. Wani ya ce in sa na mota mai 45Ah in huta da sanyin Jos. Wani kuma ya ce in nemi tokumbo, wai ya fi sabo ƙarko kuma ya fi araha. Wanne ne daidai? Na ruwa ya fi ko wanda ba a buɗewa? Kuma ta yaya zan gane sabon batir na gaske daga wanda ya daɗe a shago ko wanda aka yi wa kwaskwarima? Kuɗin balas nake tarawa, ba na son in saya sau biyu. Na gode.

Rewaya Dilimi:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka cire ko sisi, a auna keken tukuna. Batir da yawa da ake cewa sun mutu kashe su aka yi, kuma abin da ya kashe tsohon yana nan yana jiran sabon. Awon ba ya wuce minti goma sha biyar in akwai mita, wato multimita irin ta masu gyaran rediyo. Ka sa ta a DC 20V, jan tsinke a kan alamar +, baƙi a kan alamar −.

Awon farko da safe ake yi, kafin a tayar da inji, bayan keken ya kwana. Cikakken batir mai lafiya yana nuna 12.6 zuwa 12.7. In ka ga 12.4, kashi uku cikin huɗu ya rage. 12.2 rabi ke nan. 12.0 zuwa ƙasa kusan wayam yake. In kuwa ka ga wajen 10.5 duk da an cika shi da caji, ɗaki ɗaya cikin shida ya mutu, domin kowane ɗaki 2.1 yake bayarwa, kuma babu cajin da zai dawo da shi. Kada ka auna da zarar an sauko daga aiki ko an ciro shi daga caji, a lokacin zai nuna maka 13 ko sama, lamba ce ta ƙarya da ke sauka bayan wasu awoyi.

Na biyu, ka bar tsinkayen a wurin, wani ya murɗa makulli kai kana kallon mita. Batir mai ƙarfi ba ya sauka ƙasa da 9.6 yayin da kik ke juyawa. In ya faɗo 8 ko 7 alhali an cika shi da caji, farantansa sun gaji. Amma a kula da wannan: in mita ta tsaya a 12 da wani abu, ba ta motsa sosai ba, kuma kik bai juya ba, to ba batir ba ne. Wuta ce ba ta isa kik. A duba kan batir ko ya yi farin gari, a duba noti, a duba baƙar wayar da ke zuwa jikin bodi da inji, a duba rile, wato makunnin da ke tura wuta zuwa kik, da gawayin kik. Ƙat-ƙat ɗin da kake ji rile ne ke bugawa, kuma yana yin haka ko batir ne ya yi rauni ko waya ce ta ci tsatsa. Hanyar rabewa: sa tsinke ɗaya a kan − na batir, ɗayan a jikin inji inda babu fenti, a murɗa makulli. In ya wuce 0.3, wayar ƙasa ce ke cin wutar, a kwance ta a goge da sanfefa a ɗaure.

Na uku shi ne mafi muhimmanci, caji. A tayar da inji, a ɗan ba shi wuta sama da sulo, a auna kan batir. Ana son 13.8 zuwa 14.5. In bai kai 13.2 ba ko an ƙara totur, keken ba ya caji yadda ya kamata, sai a bi rektifaya mai daidaita wutar caji, soket ɗinta da kwayil mai samar da wutar. Soket ɗin rektifaya yana yawan ƙonewa ya yi baƙi, a zare a leƙa ciki. Ana gwada kwayil ta hanyar zare soket, a mayar da mita AC, a auna tsakanin wayoyin da suka fito daga magneto: lamba ta riƙa hawa in an ba da wuta, in wayoyi uku ne kowane biyu su ba da kusan abu ɗaya, kuma kada ko ɗaya ta haɗu da bodi. In kuma awon kan batir ya haura 15, rektifaya ta saki, tana dafa batir. Alamarta ruwa na ƙafewa da sauri, gefen batir ya kumbura, ana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila na yawan ƙonewa. Sabon batir a irin wannan keke ba zai ga damina ba.

Daga nan ka kunna duk abin da kake kunnawa da dare, babbar fitila, MP3, fitilun ado, cajar waya, ka bar inji a sulo ka sake aunawa. In ya sauka ƙasa da 12.6, to duk lokacin da kake tsaye a Taminus kana jiran fasinja da kiɗa a kunne, daga cikin batir ake ci, ba a ƙara masa komai. Lissafin ba wuya: raba watt da 12 ka sami amfiya. Ƙwan fitila mai 35W kusan 3A yake ja. Tayar da inji kansa ba ya cin abin a zo a gani; ko da kik zai ja 80A na daƙiƙa uku, bai kai kashi ɗaya cikin goma na 1Ah ba. Kayan ƙari ne ke tsotse batir a hankali, ba makulli ba.

Na ƙarshe, satar wuta da dare. Kashe makulli, cire wayar −, mayar da jan tsinken mita ramin 10A, ka sa mita tsakanin kan batir da wayar da ka cire. Kada ka kuskura ka murɗa kik a wannan hali, fis ɗin mita zai tashi. Keke mai tiraka kaɗai bai kamata ya wuce 0.03 zuwa 0.05 ba. In ya fi haka, a riƙa cire kayan ƙari ɗaya bayan ɗaya har lamba ta faɗi.

Abu biyu da ake yi a gareji waɗanda nake roƙo a daina: ƙyasta waya tsakanin + da − don a ga tartsatsi, da cire kan batir inji na aiki don a ga ko yana caji. Na farko yana iya fasa batir a fuskar mutum, saboda iskar haidirojin da ke fita daga ɗakunan tana kama wuta. Na biyu yana iya ƙona rektifaya da CDI, wato akwatin da ke sarrafa wutar filogi. Ka kawo lambobin da ka samu, sai a san inda aka dosa.

Mai Batir Bukuru:

Malam Rewaya ya gama magana a kan awo, Allah ya ƙara basira. Ni zan taɓa ɓangaren saye.

Bajaj RE da TVS King na fetur da 12V 32Ah suke fitowa daga kamfani, kamar yadda ka gani a jikin naka. Abin da ya fi kusa da shi a kasuwarmu shi ne wanda ake kira NS40, mai 32 zuwa 36Ah. Tsawonsa wajen santimita 20, faɗi 13, tsayi 20 ban da kawuna. Na 45Ah da aka ce maka shi ne NS60: faɗi da tsayi ɗaya ne, amma tsawonsa wajen santimita 24. Santimita huɗun nan su ne rigimar. Ka ɗauki tef ka auna akwatin batirin kekenka kafin ka fito daga gida, ka kuma auna tazarar da ke tsakanin kawunan batir da ƙarfen da ke samansa. In kan + ya taɓa ƙarfe a cikin gargada, gobara ce.

A wasu batura ba za ka ga NS40 ba, sai ka ga lamba irin 38B20L ko 46B24R. Tsarin Japan ne. Lambar farko tana nuna ƙarfin aikinsa, ba Ah ba ce kai tsaye, kada mai shago ya ce maka 46 na nufin 46Ah. Harafin B faɗi da tsayi ne, 20 ko 24 tsawo ne a santimita. Harafin ƙarshe kuwa shi ne wanda mutane ke mantawa har su koma shago canji. Ka ajiye batir a gabanka kawunan suna ta wajenka: in L ne, − yana hagu, + yana dama, in R ne akasin haka. Wayoyin keke gajeru ne, in ka sayi wanda ya juya baya ba za su kai ba, sai a fara jan waya ko a yi mata ƙari da murɗe, daga nan matsala ta fara. Ɗauki hoton tsohon a mazauninsa, ko ma ka tafi da shi, tunda ana karɓar tsoho a rage maka kuɗi saboda dalmar da ke ciki.

Kaurin kawuna ma iri biyu ne, akwai siriri akwai mai kauri. In maƙalar wayarka ta fi kan batir faɗi, a sayi hular dalma da ake sa wa kan, ko a canja maƙalar. Cusa ƙusa ko guntun gwangwani ba gyara ba ne, yana zafi yana cin kan. Kuma ba a buga maƙala da guduma, robar da ke kewaye da kan tana tsagewa asid ya riƙa tsattsafowa. Sau da yawa farin garin da ake gani daga nan yake.

Batun na ruwa ko wanda ba a buɗewa. Ra'ayina, ga keken haya da ke yini a kan hanya, duka biyun suna aiki, bambancin yana wajen mai shi. Na ruwa yana yafiya: in rektifaya ta ɗan wuce gona da iri ruwa ya ragu, sai ka ƙara, kuma ana iya auna kowane ɗaki da haidiromita. Cikakken ɗaki yana nuna wajen 1.260 zuwa 1.280, in wani ɗaki ya bambanta da sauran da 0.050 ya fara mutuwa. Amma yana son a leƙa shi duk mako biyu, ruwa ya tsaya tsakanin layin sama da na ƙasa, kuma tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa. Ba asid ba, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan. Ba fiya wata ba, ba ruwan rijiya ko na burtsatse ba, gishirin ƙasa da ƙarfen da ke cikinsu suna lalata faranti. Wanda ba a buɗewa ya fi tsafta, ba ya zubar da asid ya cinye akwati, kuma ya fi daɗewa a ajiye bai sauka ba. Sai dai in caji ya wuce kima ya bushe, shi ke nan. Wanda ya san ba zai riƙa buɗe marafai ba, ya ɗauki wannan bayan an tabbatar cajinsa bai wuce 14.5 ba. Koren idon da ke samansa ɗaki ɗaya kawai yake kallo, yana iya zama kore alhali wani ɗakin ya mutu.

Waɗanda ba za a sa ba sam: batirin babur mai 5 zuwa 9Ah, da ƙaramin batirin UPS mai 7Ah. Za su iya tayar da inji mai zafi sau ɗaya ko biyu, sanyin asuba kuwa ba za su iya ba. Na sola da inbata farantansu masu kauri ne, an yi su don ba da wuta kaɗan na tsawon lokaci, ba don fizgar kik ba, ga nauyi.

Tokumbo batir ne da aka ciro daga wata mota a wata ƙasa, ba wanda zai gaya maka shekarunsa na aiki ko watannin da ya yi a kwantena ba caji. Batirin dalma in ya zauna a sauke, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa ya ƙi narkewa, ƙarfinsa ya ragu har abada. Yana iya nuna 12.6 a mita ya faɗi warwas da an ɗora masa kaya. In dole ce ta sa, kada ka biya sai an gwada shi da na'urar ɗora kaya a gabanka.

Gane sabo: a sa mita a gabanka kafin a taɓa shi da caja. Wanda ba a buɗewa ya nuna 12.5 ko sama. Ƙasa da 12.4 ya daɗe a kanta. A nemi ranar ƙira, yawanci a ƙone take a robar sama ko a ɗan lasika; kamfanoni da dama suna sa harafi a madadin wata, A Janairu, B Fabrairu, da lamba ɗaya ta shekara. Wanda bai wuce wata shida ba ake so. Ka duba kawuna ko akwai sawun maƙala, ka duba bakin murfi ko an sake liƙe shi da gam. Ka ɗaga shi: NS40 na kirki yana kai wajen kilo 10, in ka ji shi sakayau an rage dalma, ko me aka rubuta a jikinsa. In biyu sun yi daidai a Ah, ɗauki wanda CCA ɗinsa ya fi yawa, ita ce lambar da ke nuna ƙarfin tayar da inji a sanyi. Sannan rasit da katin garanti, a rubuta kwanan wata da lambar batir, a buga hatimi.

In busasshe ne wanda ake zuba wa asid a shago, kada a zuba a ɗora a keke nan take. A bar shi ya sha na rabin awa zuwa awa ɗaya, a daidaita ruwan, sannan a yi masa caji a hankali.

Ɗan Rikkos:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An auna yau. Da safe 12.1. Da aka murɗa kik ya faɗo 8.4, kuma wannan bayan an yi masa caji shekaranjiya ne. Inji na aiki an ba shi wuta ba a kunna komai ba, 13.9. Da aka kunna komai a sulo, 12.3. Makulli a kashe mita ta nuna 0.18, da aka cire wayar MP3 sai ta koma 0.02, ashe kai tsaye aka ɗaura shi a kan batir. Tsakanin − da jikin inji 0.2. Tsawon akwati santimita 21, kuma − yana hagu. Ƙarfen da ke danne batir babu shi, da robar tayar ciki aka ɗaure. Yanzu me ya rage?

Bakanike Farin Gada:

Ƙanena, batirin ya tafi, wannan ba gardama. Amma ina da ja kaɗan a kan yadda ake tsoratar da mutane da 45Ah. Ana yawan cewa babban batir yana ƙona kwayil ko kik. Ba haka ba ne. Muddin 12V ne, kik abin da yake buƙata kaɗai yake ja, Ah yawan ajiya ne kawai. Keken da ke aikin dare da fitila da kiɗa, ko wanda yakan kwana biyu a ajiye da tiraka, yana amfana da ƙarin ajiya, domin ba ya sauka ƙasa sosai kowace rana, kuma saukar nan mai zurfi ita ke cin ran batirin tayar da inji. Don haka in akwati ya ɗauka kuma caji lafiya lau, ban ga laifinsa ba. A naka dai akwati 21 ne, ba zai shiga ba sai an yanka an yi walda, kuma keken ba naka ba ne, sai da izinin mai shi.

Abin da nake so a ƙara shi ne ɓangaren inji, don ba batir kaɗai sanyi ke kamawa ba. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, asubar Disamba da Janairu ba wasa ba ce. Sanyi yana rage kuzarin batir, a lokaci guda kuma baƙin mai yana yin kauri, inji ya yi nauyin juyawa, fetur ya ƙi tashi da wuri. Batirin da ya rage rabin ƙarfi zai yi ta lallaɓawa daga Maris zuwa Oktoba ba a gane ba, hunturu ne ke tona masa asiri. In filogi ya yi baƙi, ko bawul ya matse, ko kafireto ya toshe da ƙurar hunturu, ko baƙin mai ya wuce lokacin juyewa, kik zai yi ta niƙa kafin inji ya kama, sabon batir ma zai jigata. A duba waɗannan rana ɗaya da canjin batir. Da asuba a ja cok, a kashe fitila da MP3, a tabbatar giya na firi, a murɗa na daƙiƙa biyar, in bai kama ba a dakata rabin minti. Riƙe makulli har kik ya yi zafi yana cinye gawayi. Jan hannu sau biyu ko uku makulli a kashe kafin a murɗa yana sassauta inji, ba abin kunya ba ne.

Rewaya Dilimi:

Oga Bakanike ya yi gaskiya, babban batir ba ya ƙona komai. Inda na tsaya shi ne cika shi. Batir randa ce, kwayil da rektifaya su ne mai ga-ruwa: ka canja randa da babba amma jarkar da ake kawowa ba ta ƙaru ba, kuma ga masu ɗiba sun fi masu zubawa. Lambar 12.3 a sulo ita ke nuna haka. A wannan keken na 45Ah zai ɓoye matsalar na 'yan makonni, daga nan ya zauna a rabi kullum, gishirin da Mai Batir ya ambata ya kama shi, ka yi asarar kuɗi mafi yawa.

Ɗan Rikkos, ga yadda lambobinka suke. 13.9 na nufin kwayil da rektifaya lafiyarsu ƙalau, kada kowa ya sa ka saye su. 0.2 a wayar ƙasa ba laifi, a goge ta kawai. 8.4 bayan caji na nufin batir ya gama. Abin da ya kashe shi kuwa uku ne. MP3 yana shan 0.16A ko an kashe makulli. A awa goma na dare 1.6Ah ke nan, in keken ya huta daga daren Asabar zuwa safiyar Litinin ya haura 5Ah, kusan kashi ɗaya cikin shida na batirin. Sai kayan ƙari da suka fi ƙarfin caji a sulo. Sai rashin madanni: robar taya tana ba da kai, batir yana tsalle a kowane rami da kowane dutse na hanyoyin cikin unguwa, abin da aka shafe faranti da shi yana zubowa ƙasan ɗaki har ya haɗa su.

Saboda haka ka sayi NS40 mai L, 35 ko 36Ah, ka duba kaurin kawuna su dace da maƙalarka. Kafin a ɗora shi, a mayar da wayar MP3 da ta fitilun ado bayan makulli, yadda in an kashe komai zai mutu, kowace da fis ɗinta kusa da inda aka ɗebo wutar. 5A ya ishi fitilun ado da cajar waya, MP3 kuma a bi abin da aka rubuta a jikinsa. Tiraka a bar ta kai tsaye, aikinta ke nan, 0.02 ba zai dame ka ba. Fitilun ado a rage su ko a yi musu makunni daban. Bayan an gama a sake awon sulo da babbar fitila kaɗai. In ya tsaya 12.8 zuwa sama, an wuce wurin. In bai kai ba, a duba ko sulo ya yi ƙasa da yawa, ko a canja ƙwayayen baya da na sigina zuwa LED, sai dai sigina na iya buƙatar canjin filasha.

Wajen ɗorawa: makulli a kashe, cire − tukuna sannan +, galibi sifana 10 ce. Dalili, in ka fara da + sifana ta taɓa bodi, tartsatsi ne. Cire zobe da agogon ƙarfe. A wanke akwati da maƙalai da ruwan ɗumi da ɗan kanwa ko bekin soda, yana kashe asid, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin ɗakunan batir. A busar, in akwai tsatsa a shafa fenti, a shimfiɗa faifan roba a ƙasa. A sa mai walda ya yi maka madanni na ƙarfe da dogayen kusoshi biyu masu noti, amma a yi waldar batir ba ya cikin keke kuma an zare soket ɗin CDI da rektifaya. A ɗaure har batir ya daina motsi in ka girgiza shi da hannu, ba har roba ta lotsa ba. Wajen haɗawa + ake fara sawa, − a ƙarshe. A tabbatar da alamar da ido, ba da launin waya ba, don a tsofaffin kekuna an sha canja waya. Juya kai ko na daƙiƙa ɗaya yana kashe rektifaya da tiraka. Bayan an ɗaure a shafa basilin ko giris a sama, ba tsakanin kai da maƙala ba.

In wata rana ya sauka ka kai shi caji, ka ce a ba shi 3A zuwa 3.5A, wato kashi ɗaya cikin goma na Ah ɗinsa, na awa goma zuwa sha biyu, marafai a sassauce in na ruwa ne. Cajin gaggawa na awa ɗaya da ke sa batir ya yi zafi yana tafasa yana lanƙwasa faranti. Kada a yarda a zubar da ruwan ciki a sake sabon asid da sunan wanki. In za a ja masa wuta daga mota, injin motar a kashe, kuma kada a kusanci babbar mota mai 24V. Keken da zai yi fiye da mako a ajiye, a yi magana da mai shi kan tiraka, sannan a cire wayar − ko a riƙa yi wa batirin caji. Mako guda bayan ɗora sabon, ka sake awon safe: ana son 12.5 zuwa sama.